Tambaya da Amsa: Ina so in koyi yin biron katako

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne a Domayo, nan Marwa. Na ga biron katako a hannun wani abokin aikina, ya ce da injin juya itace aka yi shi, tun ranar abin ya kwanta mini a rai. Ba don kasuwa nake so ba, sai don in riƙa yi Asabar da Lahadi ina ba 'yan uwa da ɗalibai kyauta. Na ɗan tara kuɗi. Wane inji zan saya, kuma ta ina ake shiga cikin masu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗin nan ka bar su inda suke tukuna. Abin da kake bukata a watannin farko shi ne wurin zama kusa da mai inji. Marwa kuwa ba baƙuwar aikin hannu ba ce: ga dukawa, ga majema, ga masu aikin ƙaho a cibiyar sana'o'in hannu ta cikin gari. Ka bi shagunan kafintoci ka tambayi wanda ke juya musu ƙafar tebur da ta gado. Injin da muke kira tur ke nan, kuma shi ɗin ne zai yi maka biro. Ka je da goronka, ka gaya masa gaskiya cewa sha'awa ce ta kawo ka, ba cin kasuwarsa ba. Ka share masa ƙura, ka riƙe masa katako. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Da biron Bic nake fara koya wa kowa a shagona a Garwa, don ba sai an jira kaya daga Duwala ba. Ka zare bakin da bututun tawadar, su za ka zura a cikin na katakon. Ka yanko busasshen katako santimita 2 a kowane gefe, tsawo kamar 15. Huji ake fara yi kafin juyawa, da dogon ƙarfen huji mai milimita 4, kana shiga kaɗan kana fitowa kana kakkaɓe gari, in ba haka ba ƙarfen ya yi zafi ya karkace ya ɓullo ta gefe. Bayan ka gama, ka huda ɗan ƙaramin rami a jiki don iska, irin wanda ke jikin biron na asali.

Wurin juyawar nake so ka natsu. Ka fara ɗora cizal a kan madogararsa da ke jikin injin kafin bakinsa ya taɓa katako, kullum, ba fashi. Ka kwantar da bayan bakin ya shafi itacen, sannan ka ɗaga ƙotar a hankali har ya fara ci. In kaifi ya yi, za ka ga ɓawo yana fita dogo yana nannaɗewa a bayan hannunka kamar taliya, ƙarar kuma siririya. In gari kake gani da ƙaurin ƙuna, tsaya ka wasa. Sabon shiga danna ƙarfi yake yi a nan, sai katakon ya tsage. Daga nan samfefa, daga lamba 150 har 600, kada ka tsallake. Ni da kakin zuman Adamawa nake gamawa: in goga shi injin na juyawa, in bi da ɗan ƙyalle har ya narke ya shiga.

Maganar da ba na wasa da ita: ba a tsayawa gaban tur da babbar riga, ko rawani, ko hannun riga mai lilo. Injin ba ya saki in ya kama. Ka sa abin kare fuska da takunkumi, ƙurar madaci tana shaƙe mutum. Kada kuma ka yarda a mayar maka da tsohon magagari cizal, ƙarfensa karyewa yake yi ya yi tsalle.

Katako kuwa, ragowar kafinta ta ishe ka shekara. Madaci yana da sauƙin aski da jan launi. Aduwa, wadda ake allo da ita, tana fita sumul. Ƙirya da marke sai hannu ya faɗa, suna cinye kaifi. Reshen darbejiya da aka sassabe a bakin titi ma yana yi, amma ɗanye ne. Ka shafe kawunansa biyu da kaki ko fenti, ka ajiye a inuwa, don iskar hunturu tana tsaga ɗanyen itace cikin 'yan kwanaki.

In hannunka ya zauna, sai ka koma biro mai kayan ƙarfe, wanda bututunsa na farin tagulla milimita 7 ne, ka haɗa da ma'ajin makulli, ƙotar wuƙa da 'ya'yan carbi. Lokacin ne maganar inji za ta taso, kuma ina ba ka shawara kada ka saya kai kaɗai. Ku huɗu ko biyar ku yi adashe, ku ajiye shi gidan mutum ɗaya, ku raba ranaku, ku yi odar kayan biro tare. Ranar da aka ɗauke wuta ku yi washin cizal da yankan katako. Wanda ya fara sayarwa a cikinku ya yi rajista a ofishin magajin gari, kamar yadda dokar sana'o'in hannu ta 2007 ta tanada.

TAMBAYA: Baba, a Kusiri wani ya yi mini tayin guntayen madobiya da araha. In karɓa?

AMSA: Ɗana, ka tambaye shi daga ina. Madobiya kyakkyawa ce, amma sara ya yi mata yawa saboda fitar da ita ƙasashen waje, shi ya sa tun 2016 take cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare itatuwa da namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu, ba a tsallaka iyaka da ita sai da takarda. Kusiri kuma gada ce kawai tsakaninta da Injamena. In tsohuwar ƙofa ce ko karyayyar kujera, karɓi. In sabon sara ne babu takardar ma'aikatar gandun daji, bar masa kayansa ka nemi madaci.