Maigidana yana ɗauke numfashi a barci, inshora kuma ta ce babu ruwanta da injin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shekararsa 52, muna zaune a Kubwa. Ya daɗe yana minshari, amma tun bara abin ya canza. Sai ya yi tsit kamar babu rai, in tashi zaune ina kallon ƙirjinsa, can sai ya ja wani irin gurnani ya zabura. Hawan jininsa ya ƙi sauka alhali magani kala uku yake sha. Kwanan baya barci ya sace shi a kan sitiyari a cikin goslo, Allah ne ya tsare. Likitan asibitin da muke da rajista ya ce yana zargin ɗaukewar numfashi ne, sai an yi gwajin barci, wataƙila ma sai ya riƙa kwana da injin CPAP, mai tura iska ta takunkumin fuska. Kamfanin HMO ɗinmu, mai kula da inshorar lafiyarmu, ya ce ba sa biyan wannan. To ina amfanin inshorar? Yanzu dai wani mai kemis ya ba shi ƙwayar barci saboda yawan farkawa da dare, ya ce yana jin daɗinta. Ni kam tsoro ya hana ni runtsawa.

Daga wata mai karatu a Kubwa, Abuja

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kina da gaskiya da kike jin tsoro, likitanku ma zarginsa yana kan hanya. Akwai tambayoyi takwas da muke tantance masu wannan ciwo da su, ana kiransu STOP-BANG, kuma daga wasiƙarki kaɗai Alhaji ya ci shida: minshari, gyangyaɗi da rana, ɗaukewar numfashi da aka gani da ido, hawan jini, shekaru sama da 50, ga shi namiji. Ban ma auna kaurin wuyansa da nauyinsa ba. Wanda ya kai 5 muna sa shi a sahun masu babban haɗari. Don haka ya ajiye tuƙi tukuna, ya bi abokin aiki ko ya hau motar haya har a fara magani. Wanda barci ya sace a goslo, gobe a kan babban titin Kubwa zai sace shi, motar tana gudu.

Zan zo kan inshora. Amma ƙwayar nan da kika ambata a ƙarshe, kamar ba komai ba, ita ta fi tayar min da hankali.

Kullum sai na ci karo da wannan a asibiti. Mutum ya je kemis ya ce ba ya samun barci, yana farkawa sau da yawa, yana tashi da ciwon kai da kasala. Mai kemis ya miƙa hannu bayan kanta, ya yago masa diazepam, wadda ake kira Valium ko D5, ko ya ba shi Lexotan, ya ce ya sha ɗaya in zai kwanta. Ko tambayar "kana minshari?" ba zai yi masa ba. Lasisin mai kemis ma bai ba shi izinin sayar da waɗannan magunguna ba, sai da takardar likita ake bayar da su, amma wa ke dubawa? Ba zan ɗora laifin duka a kan masu kemis ba. A cikinmu likitoci ma akwai wanda layi ya yi masa yawa, ya ga mai hawan jini yana kukan rashin barci, sai ya ce tunani ne ya yi masa yawa, ya rubuta masa ƙwayar, ya kira na gaba.

Ga abin da ba su gane ba. Idan maƙogwaron Alhaji ya rufe yana barci, iskar oksijin da ke jininsa tana fara sauka. Ta mai lafiya tana zama a kashi 95 cikin ɗari ko sama da haka, amma a takardun gwajin da nake karantawa ba abin mamaki ba ne in ga ta faɗo ƙasa da 80. A daidai lokacin ƙwaƙwalwa ke firgita ta tashe shi, naman maƙogwaro ya ɗaure, hanya ta buɗe, ya ja gurnanin nan da kike ji. Wato zaburar da ke damunsa ita ce ke dawo masa da numfashi. Mai ciwon da ya yi tsanani yana yin haka sau 30 ko fiye a awa ɗaya, ki lissafa da barcin awa bakwai. To ƙwayar barci ɓarna biyu take yi a lokaci guda: tana ƙara sakin naman maƙogwaro, sannan tana sa ƙwaƙwalwa ta yi nauyin farkawa. Hanya ta fi saurin rufewa, kuma ta fi daɗewa a rufe. Kamar a ce ɓarayi sun addabi gida, maigadi yana ta ihu yana korarsu, sai masu gida suka ce ihunsa na hana su barci, suka zuba masa maganin barci a shayi.

Ya ce yana jin daɗinta. Ai dole. Ba ya tuna farkawar, shi ya sa yake ganin ya yi barci mai daɗi. Amma ke da kike zaune kina kallon ƙirjinsa kin fi shi sanin abin da ke faruwa. A wannan ciwo shaidar matar gida ta fi ta mai ciwon ƙarfi, domin shi a lokacin ba ya cikin hayyacinsa. Ki lura da daren da ya sha ƙwayar, ki ga ko shirun bai fi na da tsawo ba. Kuma duk sanda oksijin ya faɗi aka zabura, zuciya na bugawa da ƙarfi, jini na hawa. Wataƙila dalilin da ya sa magani uku suka kasa ke nan, kuma ta nan ake kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki da rikicewar bugun zuciya. Sau nawa muke jin an ce wane ya kwanta lafiya lau, da asuba aka je tashinsa aka tarar rai ya yi halinsa? Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma Allah bai ce mu taya ciwo da hannunmu ba.

Ba diazepam kaɗai ba. Tiramol da kodin sun fi ta muni, domin su cibiyar numfashi da ke ƙwaƙwalwa suke dannewa. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma kowa ya san bai ɓace ba, kuma ba matasa kaɗai ke sha ba, akwai dattawa masu kurɓa kaɗan "don barci ya zo". Giya ma haka take yi. Wanda ya haɗa biyu daga cikin waɗannan, yana kuma ɗauke numfashi, wallahi da ransa yake wasa. Haka idan wata rana za a yi wa Alhaji tiyata, ko da ƙarama ce, a gaya wa likitan da ke sa barci cewa ana zargin wannan ciwo tun kafin a shiga ɗaki.

Sai dai ki yi hattara wajen raba shi da ita. In kwana biyu ko uku ne da farawa, ya bari kawai. In kuwa ya yi makonni yana sha kullum, kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan na iya jawo rawar jiki, firgici, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ku ɗauki kwalin ku kai wa likitanku a cikin makon nan, ya tsara yadda za a riƙa ragewa.

Na san kuma ba za a rasa wani a dangi da zai ce belu ne, a kira wanzami ya cire ba. Kada ku yarda. Toshewar a bayan harshe da ganɗa da gefen maƙogwaro take, yanke belu ba ya buɗe ta, sai zubar jini da ƙwayoyin cuta. Wani zai ce a sayo injin oksijin irin wanda ya yawaita lokacin korona. Shi ma ba aikinsa ba ne, ba ya buɗe hanyar da ta rufe. CPAP iskar ɗaki yake turawa da ƙarfi daidai gwargwado don maƙogwaro ya zauna a buɗe.

To, inshora. Tsarin da Alhaji yake ciki shi ne wanda aka fara da ma'aikatan tarayya a 2005 da sunan NHIS, ya koma NHIA bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a watan Mayun 2022. Yadda yake aiki, asibitin da kuka yi rajista shi ne ƙofar shiga. Shi zai rubuta takardar tura ku wajen ƙwararre, HMO kuma ya ba da lambar amincewa, wadda kowa ke kira kod. A nan yawancin mutane ke faɗuwa, saboda abin da aka rubuta a takardar. In aka rubuta "minshari" kawai, ma'aikacin da ke kan tebur, wanda sau da yawa ba likita ba ne, zai ɗauka abin dariya ne. Ki roƙi likitanku ya rubuta komai: hawan jinin da ya gagari magani uku, ɗaukewar numfashi da aka gani, barci a kan sitiyari. Ki ɗauki bidiyon minti biyu ko uku da wayarki yana barci, a ga shirun, a ji gurnanin. Na ga likitocin da suke ɗaukar magana da wasa sun gyara zama bayan sun kalli irin wannan bidiyo.

Ku nemi a tura shi wajen likitan ƙirji ko na kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai su a Asibitin Ƙasa, da asibitin tarayya na Jabi, da asibitin koyarwa na Gwagwalada. Ganin ƙwararre, gwajin zuciya da na suga, da maganin hawan jini da kuke biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗinsa, duk haƙƙinku ne. In aka gano kumburarren tansil, wato tsokar da ke gefen maƙogwaro, ne ke toshe hanya, tiyatarsa ma ana neman kod a yi ta a ƙarƙashin tsarin. Kuma tun watan Afrilun 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin HMO su amsa buƙatar kod cikin awa ɗaya. Saboda haka "ku dawo gobe, ba a turo ba" ba amsa ba ce.

Game da gwajin barci da injin kuwa, ba zan yi miki daɗin baki ba. Yawancin marasa lafiyata daga aljihunsu suke biya. Wuraren gwajin a Abuja galibi na 'yan kasuwa ne, kamfanonin kuma sukan ce injin da za a kai gida ba ya cikin lissafinsu. Abin yana ba ni haushi, domin tsarin da zai biya kuɗin kwanciyar mutum bayan ɓarin jikinsa ya shanye shi ne ke jan ƙafa a kan abin da zai hana shanyewar. Duk da haka kada ku karɓi "a'a" ta waya. Ku ce a ba ku a rubuce, da dalili. Ku kai kwafin wajen jami'in inshora na ma'aikatar Alhaji, ku kai ƙorafi ofishin NHIA da takardar ƙwararre a haɗe. Ko ba a biya injin ba, wannan fayil ɗin shi za ku nuna wa ƙungiyar adashin ma'aikata ko sashen walwala in ana neman rance ko tallafi. Masu karatu da ke cikin FHIS, inshorar babban birnin tarayya, ko GIFSHIP, tsarin NHIA na masu biya wa kansu, su ma ta wannan ƙofa za su bi. Amma Hajiya, kada ku zauna jiran takarda. A bi ta, ana kuma tara kuɗin gwaji. Ku tambayi ƙwararren ko gwajin gida zai wadatar: ɗamara a ƙirji, siririn tiyo a hanci, maƙali a yatsa, dare ɗaya a kan gadonsa. Ya fi na kwana a asibiti sauƙin kuɗi, kuma ga mai alamomi bayyanannu irin na Alhaji yakan isa.

Kada a sayi inji kafin sakamako ya fito. Ƙarfin iskar daga 4 zuwa 20 ake saita shi, kowa da nasa, takunkumin fuskar ma sai an gwada wanda ya zauna daidai. In na hannu za ku saya saboda tsada, a duba awannin da ya yi aiki, a sa sabon takunkumi da sabon tiyo, a kuma duba lambarsa ko yana cikin waɗanda aka janye daga kasuwa. A 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin injinansa saboda soson da ke rage ƙara a ciki yana rugurguzewa, mai barci ya shaƙa, kuma zafi da laima suna ƙara lalata shi. Dillalin kayan gwanjo ba lalle ya san wannan ba, in ya sani ma ba lalle ya faɗa ba.

Sai batun wuta. Injin ba ya ci da yawa, in an kashe abin ɗumama ruwan da ke jikinsa, ƙaramar inbata ko batirin sola zai kai shi asuba. Kada a tayar da janareto kusa da tagar ɗakin kwana saboda shi, hayaƙin yana kisa. Da hunturu a riƙa duba matatar iskar akai-akai, ƙurar Abuja ba ta da wasa. Makonnin farko zai ce abin ya takura masa, wataƙila ki tarar ya cire shi cikin dare. Ki lallaɓa shi ya mayar. Awa huɗu a dare shi ne mafi ƙarancin da muke karɓa, abin da ake so ya kwana da shi har asuba, barcin rana ma da shi. Ya riƙa kwanciya ta gefe, ya rage tumbi, ya ci gaba da shan maganin hawan jininsa har sai likita ya ce a rage. Bayan wata ɗaya ku koma wa ƙwararren da ɗan katin da ke jikin injin, a ciki zai ga awa nawa aka yi da shi kowane dare, da ko iskar tana zurarewa ta gefen takunkumi.