Farin ɓawo a gindin butar shayi

Ƙanwata, kin ce tun da kika bar Damagaram kika tafi karatu Tunis, butarki ke yin farin ɓawo, sabulu ba ya kumfa, ko ruwan pampon zai cutar da ke? Wannan kam ba ya cutarwa. Kalsiyom da magneziyom ne ruwan ya kwaso daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, zafi ya sa suka kwanta a gindin buta. Ki matse lemun tsami 2 a ruwa, ki tafasa, ki bar shi ya kwana. Da safe ɓawon zai saki da kansa. Kada ki kankare da wuƙa, ni haka na huda tawa ina gaggawar haɗa shayi. Wanki kuma garin sabulu ya fi na dunƙule jure irin wannan ruwa.

Amma fa ki ɗanɗana tukuna. In kin ji zartsi, gishiri ne, wanda akan samu a rijiyoyin bakin teku. Tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwan ne ke ƙonewa. In haka ne, ruwan sha sai na gora.