Ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan kayan sha babu firij

Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Kin ce ba ki da firij, wuta kuma ba tabbas a unguwarku, kina son sanin wanne za ki fara sayarwa tsakanin yogot, kunun aya, kunun zaƙi da zoɓo. Na daɗe ina wagga sana'a nan Mabera, shawarata ita ce ki bar lokaci ya zaɓa miki, don zafin Sakkwato ba a ja da shi.

Yanzu da munka shiga bazara, ga Afrilu ga Mayu zafi na wuce digiri 40, yogot ko kindirmo shi ne naki, saboda ƙwayoyin da ke sa madara ta kama sun fi aiki tsakanin digiri 40 da 45, kin ga ɗakinki ma ya ishe ki. Ki dafa madarar har ta kusa tafasa, ki sauke ta huce har ki iya sa ɗan yatsa mai tsafta ki ƙirga goma bai ƙone ki ba, sai ki zuba cokali biyu na tsohon kindirmo cikin kowace lita ɗaya ki rufe ki aje inda yara ba za su motsa shi ba, awa biyar ko shida ya kama. Kar ki bari ya kwana, da safe za ki iske ruwa ya taso sama tsami ya yi yawa ba mai saye. Da hunturu kam sai kin naɗe robar da bargo ko ki sa ta cikin kula, in ba haka ba sanyin dare ba zai bari ya kama ba.

Kunun aya don Allah ki bar shi sai Disamba ko Janairu, ko in wani ya ba ki oda, shi ya fi duka saurin lalacewa.

Kunun zaƙi ne nika son ki kula da shi ƙwarai. In kika ga gorar ta kumbura, kina buɗewa ta yi fus ga kumfa, to yis ne ya fara cin sukarin, kuma abin da yake mai da shi iska ce da giya, ba ki so ki sayar wa bayin Allah wannan ba ki sani ba. Zubar da shi. Ki riƙa yin kaɗan wanda zai ƙare kafin la'asar, sukari kuma sai za ki ɗura a gora.

Zoɓo ya fi haƙuri, ki dafa da citta da kanumfari, abarba da sukari su zo ƙarshe.

Don sanyaya kayan shan, ki nemi randa biyu, ƙarama cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi ki jiƙa shi safe da yamma, ki sa gorunanki cikin ƙaramar ki rufe da jiƙaƙƙen buhu, da rani tana sanyaya goruna sosai, amma da damina ta faɗi iska ta yi laima sai dai ki koma sayen ƙanƙara.