Muryar Yaya a guruf ɗin gida: ƙwayar hawan jinin Baba da allurar jaririya

Ga muryar da Yaya ta turo jiya da daddare. Na rubuto ta ne saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Assalamu alaikum warahmatullah. Mutanen gida barkanku da dare, ya gajiya, ya yara? Goggo ina wuni, a gaishe ku da kyau. Yanzu na sauko daga aiki na tarar saƙonni sun taru, na ga rubutu ba zai yi ba, gara in yi da baki. Ku yi haƙuri, za ta ɗan yi tsawo.

Auta ya ce Baba sun ajiye ƙwayar hawan jininsu, wai tana kumbura musu ƙafa. Wani abokinsu na masallaci kuma ya kawo musu jiƙo a jarka, an ce in aka shanye jarka biyu an rabu da hawan jini har abada. Baba kuma sun ce garau suke jin kansu, shi ne Auta yake tambaya ko a ƙyale su. To Auta, a'a, ba za a ƙyale su ba.

Shi hawan jini ba ya sallama. Mutum zai kai 180 bisa 110 yana zuwa kasuwa, yana zuwa gona, yana ba da labari a majalisa, ko ciwon kai babu. Saboda haka "ina jin garau" ba awo ba ne, na'ura ce kaɗai ke faɗa, kuma abin da ake so ta nuna shi ne ƙasa da 140 bisa 90. Duk ranar da jini ya wuni a sama, ana can ana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido, zuciya kuma tana ta aikin ƙarfi har ta buɗe. Wallahi a ɗakin da nake aiki a asibiti abin da muke gani ke nan kullum. A shigo da dattijo a cicciɓe, baki ya karkace, ɓarin jiki ya saki, 'yan uwa suna cewa iska ce ta buge shi a banɗaki. In ka ce ina maganinsa, sai matar ta zaro leda daga jaka, ka ga katin ƙwayar nan a cike, ko guda ba a ɓalla ba. Ta ce ai ya samu sauƙi ne shi ya sa ya daina.

Ita wannan ƙwayar ba warkarwa take yi ba, riƙewa take yi. Sauƙin da ake gani aikinta ne, in aka janye ta jini ya koma inda ya fito. Kuma amlodipine ɗin da Baba suke sha tana daɗewa a jiki, ba ta fita rana ɗaya. Shi ne abin da ke yaudarar mutane: ka daina, ka auna bayan kwana biyu ka ga lafiya lau, ka ce ai jiƙon nan ya yi aiki, alhali ragowar ƙwayar ce ba ta gama fita ba. Sai an ƙara kwanaki a ga ya sake hawa, lokacin kuma an daina awon.

Maganar kumburin ƙafa kuwa, Baba suna da gaskiya, kada wanda ya ce musu raki ne. Sanannen abu ne da amlodipine, musamman mai lamba 10. Amma gyaransa a wurin likita yake. Yana iya rage ta zuwa 5 ya haɗa da wata, irin su losartan ko lisinopril, ko ya canza gaba ɗaya. Ita ma lisinopril ɗin tana sa wa wasu busasshen tari, kowace da halinta, sai an gwada a ga wadda jiki ya karɓa. Sannan ba kowane kumburin ƙafa ne na ƙwaya ba, zuciya tana kawo shi, ƙoda ma tana kawo shi. Don haka dole a duba su, a yi gwajin ƙoda, ba mu zauna a guruf mu yanke hukunci ba.

Yanzu jiƙon. Goggo, na san ranku zai ce ga 'yar boko za ta zagi maganin gida. Wallahi ba haka ba ne, da sabara da ɗoɗɗoya kuka raine mu. Kai, shi kansa Coartem ɗin zazzaɓin cizon sauro da muke sha, asalinsa ganye ne, dangin tazargade. Wata mata 'yar Sin, Tu Youyou, ita ta ciro sinadarin daga ganyen, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. To amma ku duba abin da aka yi masa kafin ya zo hannunmu: an ware sinadarin, an gwada, an san nawa za a ba babba, nawa za a ba yaro, an san wanda bai kamata ya sha ba. Ita jarkar fa? Ba suna, ba kwanan wata. Ba mu san saiwar me ke ciki ba, ba mu san ƙarfin jiƙon yau ɗaya ne da na jibi ba, kofi kawai aka ce safe da yamma, kuma kofin wani ya ninka na wani. Duk abin da aka sha, hanta da ƙoda ne za su tace shi, ga ƙodar mai hawan jini da ma a wahale take. Kun san abin da ake kashewa a wankin ƙoda, Allah Ya raba mu.

Akwai kuma marasa tsoron Allah a cikin sana'ar, ban ce duka ba. An sha kama masu daka ƙwayoyin asibiti suna zubawa a cikin haɗinsu, na kashe zogi ko irin na sha-ka-fashe, don mai sha ya ji canji nan take ya dawo ya ƙara saye. In kuka ga jiƙo ya ɗauke ciwon gwiwar shekara da shekaru cikin awa ɗaya, to ku sa alamar tambaya. Irin waɗannan ƙwayoyin su ne ma suke ƙara hawan jini su ci ƙoda. Ko na kwalba mai lambar NAFDAC, ku duba da kyau. Lambar da ake ba magungunan gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, ma'anarta an duba ba a ga abin cutarwa ba a awon da aka rubuta. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtuka ashirin ɗin da mai motar nan yake lissafowa a lasifika, daga basir har ciwon daji.

Wani a guruf ya kawo zancen zoɓo. E, zoɓo yana ɗan sauke jini, an yi bincike an gani, Baba su sha abinsu ba sukari. Habbatus sauda da zuma da addu'o'insu ma ba wanda ya hana. Amma ko ɗaya ba ya zama a madadin ƙwayar. In ana son taimaka musu da gaske, a tukunya za a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a wuni kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan har da na cikin dunƙulen Maggi da yaji da kilishi. Kanwa ma gishiri ce a wurin jiki, masu zuba ta a miyar kuka da ɗanwake a sassauta. Sannan wannan haɗin da Auta yake karɓo musu a kemis in bayansu ya riƙe, wanda ake ƙulle ƙwayoyi kala-kala a farar leda ba suna, a daina. Yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, su kuma ba sa shiri da hawan jini ko gyambon ciki.

Auta, kada ka je ka tsaya a kan Baba kana karanto musu abin da na faɗa, ka san halinsu, za su ce yaran yanzu sun fi iyayensu sani. Ka ɗauki na'urar ka ce Yaya ce ta roƙa a auna. Su zauna su huta minti 5, baya a jingine, hannu a kan tebur, ba magana, a auna sau biyu a rubuta. In sun ga lambar da idonsu ba sai an yi jayayya ba. Ranar komawa asibiti kuma a tafi da jarkar, a ajiye ta gaban likita. Mutanenmu suna ɓoye abin da suke sha don kada a yi musu faɗa, likita ya yi ta ƙara magani yana mamakin abin da ke faruwa. Kuma in sun koma kan ƙwayar kada a ce za a rama na baya a sha biyu, ɗaya ce dai kamar yadda aka rubuta. Wani abu kuma, kowa na gidan ya riƙe: in baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya saki, ko ƙirji ya riƙe, asibiti kai tsaye ko ƙarfe nawa ne. Kada a ɗura musu komai a baki, ko ruwa ko rubutu, don a wannan halin haɗiya ba ta daidai, zai iya wucewa huhu.

To Amarya, na zo kanki. Kin ce an yi wa jaririya allurar sati 6, ta kwana kuka da zazzaɓi, cinya ta ɗan kumbura, har maƙwabta suna cewa kada ki kuskura ki koma. Ki kwantar da hankalinki ƙanwata. Allurar nan ta cinya ita ake kira Penta, cuta biyar take karewa: mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon nan mai sandarar da jiki ya ƙulle haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da limoniya. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu bayanta abu ne da aka sani, jiki ne yake koyon faɗa da cutar. Ki yawaita ba ta nono, ki rage mata kaya, ki ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a wurin. Ban da gashi da ruwan zafi, ban da man zafi, ban da murzawa. Farasitamol na ruwa na jarirai, awon da aka gaya miki a asibiti daidai nauyinta, kada ki ɓalli na manya. Kuma kada a ba ta zuma ko jiƙon komai, zuma sai ta shekara. In zazzaɓin ya haura kwana 2, ko ta ƙi kama nono, ko ta yi jijjiga, ko kuka ya ƙi tsayawa awanni, wannan kam ki kai ta a duba.

Komawa kuwa dole ne, sati 10 da sati 14, don guda ɗaya ba ta isa. Sai wata 9 na ƙyanda da shawara da sanƙarau, a ƙara ta ƙyanda a wata 15. In rana ta wuce ba a sake farawa daga farko, a ɗora daga inda aka tsaya, ki dai adana katin nan. Ba mu manta mashaƙon da ta ɓarke daga ƙarshen 2022 ba, Kano ce ta fi kowa jin jiki a 2023, kuma akasarin yaran da suka kamu ba su da cikakkiyar allurar nan da ake ce miki ki bari. Na ga yaro wuya ya kumbura, wani farin abu ya rufe maƙogwaro, yana jan numfashi da ƙara kana jiyowa daga bakin ƙofa. Wanda ya ga wannan ba zai tsaya lissafin kukan dare ɗaya ba.

Na san tsoron mutanenmu ba daga sama ya faɗo ba, kuma ba na raina shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara a Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. An yi wannan, ba wanda zai goge shi. Sai dai Trovan ba allurar rigakafi ba ce, sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake gwaji. Ita Penta an yi shekaru ana yi wa miliyoyin yara a ƙasashen Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Kuma mun ga abin da ƙauracewa ta jawo: da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003, ba a dawo ba sai tsakiyar 2004 da aka kawo na Indonesiya, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe, a 2005 kuma ta kai har Yaman da ita kanta Indonesiyar. Da aka dage kuma, rabon da a ga shan inna ta asali a Najeriya tun 2016 a Borno, a watan Agustan 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita. Zancen hana haihuwa kuwa, yaran da aka ɗiga wa a wancan lokacin su ne yau suke cika mana ɗakin haihuwa, ni ce shaida.

Sai wanda ya tambayi Coartem, wai ya sha na kwana ɗaya ya warware, ko ya ajiye sauran don gaba. A'a malam, sau 6 ne cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da dare, a sha da abinci mai ɗan maiƙo ko madara don ya shiga jiki sosai. Ka shanye abinka. Kuma nan gaba a yi gwaji tukuna, ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba.

Auta, gobe da safe kafin Baba su karya ka auna ka turo min hoton lambar, da hoton kwalin ƙwayar gaba da baya. In ta kai 180 bisa 120 kada ka jira amsata, ku wuce asibiti, ka kira ni a hanya. Amarya ke ma ki turo hoton katin in duba miki ranar komawa. Goggo a yi mana addu'a. Sai da safenku.