Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Riƙe da Azzalumi a Kan Karaga?

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, ta yaya mutum ɗaya da 'yan tsirarun muƙarrabansa suke danne miliyoyin jama'a har shekara ashirin ko talatin, alhali waɗanda ake zalunta sun fi su yawa nesa ba kusa ba? Tsoro ne kaɗai, ko akwai wani abu? Daga wani mai karatu.

Amsa: Na gode, ɗan'uwa. Tsoro yana da nasa kaso, amma abin da ake yawan mantawa shi ne azzalumi ba shi yake kulle ƙofar kurkuku da hannunsa ba. Akwai gandiroba mai riƙe da makulli, da alƙalin da ke sa hannu a hukuncin da ya san ƙarya ne, da mai karanta labaran da aka tsara masa, da sojan da ke ɗana kunama, kuma kowannensu yana da uzurin da yake kwana da shi: umarni aka ba ni, ina da iyali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da jinkar ta zalunci ce. Aikin tsoro a nan shi ne ya raba waɗannan mutane, ya sa kowa ya zaci shi kaɗai ne ya gaji.

Dubi abin da ya faru a ƙasar Filifin. Ferdinand Marcos ya hau mulki a 1965, ya ƙaƙaba dokar soja a 1972, kuma har zuwa zaɓen Fabrairun 1986, wanda ya kara da Corazon Aquino, matar ɗan adawar da aka harbe a filin jirgin saman Manila a 1983, yana ganin komai a tafin hannunsa yake. Ana cikin tattara sakamako, sai ma'aikatan kwamfuta kimanin talatin na hukumar zaɓe suka tashi daga kujerunsu suka fice, saboda alƙaluman da ake nuna wa jama'a sun saɓa da waɗanda ke gabansu. Waɗannan mutane suna burge ni matuƙa, domin ba su da bindiga, ba su da muƙami, abin da suka mallaka kawai shi ne ƙin ci gaba da aikin. Ranar 22 ga watan, ministan tsaro Juan Ponce Enrile da Janar Fidel Ramos suka juya wa Marcos baya, jama'a suka cika babban titin da ake kira EDSA don su kare su. Da aka turo tankokin yaƙi, mata masu zaman zuhudu suka durƙusa a gabansu da carbi a hannu, wasu na miƙa wa sojoji furanni, sojojin kuwa suka tsaya cak. Ranar 25 ga Fabrairu Marcos ya bar fadarsa, ya ƙare rayuwarsa a Hawai.

Haka baƙaƙen fatar Montgomery a Amurka suka yi bayan kama Rosa Parks, matar da ta ƙi tashi ta bar wa wani farar fata kujerarta a motar safa, a Disambar 1955: kwana 381 suna taka sayyada zuwa wuraren aiki, sun ƙaurace wa motocin safa, har aka soke wariyar kujeru.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, ɗan'uwa, wannan hanya ba kullum take ɓullewa ba, kuma masu binta suna biya da jininsu. Daga watan Afrilu zuwa farkon Yunin 1989 ɗalibai sun yi makonni suna zanga-zanga a dandalin Tiananmen da ke Beijin, babban birnin ƙasar Sin, mutanen gari ma sun tare motocin soja a tituna suna roƙonsu su koma, amma da aka ba da umarnin harbi, sojojin sun bi umarni.