Kan batun mudu biyu: amsa ga 'yar'uwarmu mai sayar da hatsi

Salama, 'yar'uwa. Kin ce kowa a layinku yana da mudun saye daban, na sayarwa daban, kuma in ba ki bi sahu ba riba ba za ta fito ba, kina tambaya ko zunubi ne. Ni ma hatsi nake sayarwa, kuma abin nan na yi shi da hannuna, don haka ba labarin wani zan ba ki ba.

Kwano biyu gare ni a lokacin. Wanda nake shiga ƙauye da shi mai zurfi ne, na kasuwa kuwa na sa an ɗan bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ido ba ya ganewa, amma a buhu ɗaya sai in tsira da mudu biyu ko uku. Wata gwauruwa a ikkilisiyarmu, sa'ar mahaifiyata, ta sayi dawa a wurina ta je gida ta sake aunawa. Ran Lahadi bayan sujada ta kama hannuna ta ce, "'Yata, kwanonki ya rame." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Daren nan na buɗe Littafi Mai Tsarki ina neman mafita, sai na tarar an ambaci abin da sunansa. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ko a jaka ko a gida, ta kuma ce mai yin haka abin ƙyama ne ga Ubangiji. Annabi Amos a sura 8 kamar a kasuwarmu ya zauna: 'yan kasuwa sun ƙosa Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara kuɗi, har ƙaiƙayi su haɗa su sayar. Amma wadda ta fi sukata ita ce Karin Magana 20:17, cewa abincin da aka samu ta zamba yana da daɗi, daga baya bakin mutum ya cika da tsakuwa. Mu masu hatsi ai mun san yadda tsakuwa ɗaya cikin tuwo take gigita haƙori.

Ba zan ruɗe ki in ce duk mai tauye mudu gobe zai tsiyace ba. Na san masu yi suna ta gina gidaje. Ni dai tsakuwata a addu'a na tauna ta. In na durƙusa sai kwanon nan ya tsaya mini a ido, a Zumuntar Mata kuma in aka ce in yi jagora sai in ƙirƙiro uzuri.

Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu a Luka 19:8. Ni ban iya gano duk waɗanda na cuta ba, amma na kai wa Mama, wato gwauruwar nan, dawarta har gida, na yar da ramammen kwanon. Yanzu da mudu ɗaya nake saye da sayarwa, in kaya sun yi tsada in faɗi farashi a fili. Watannin farko riba ta ja baya sosai, har maƙwabtan rumfata suna mini dariya. Mama kuwa har ta rasu a wurina take awo, ba ta ƙara aunawa a gida ba.