Filin Tambayi Likita: Hawan jinin ido, yaushe ake sa bututu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Babanmu yana da hawan jinin ido, shekara huɗu yana ɗiga magani, timolol da latanoprost, amma awon bai sauka daga 30 ba. An taɓa yi masa aiki a idon dama bai ci ba, yanzu an ce a sa masa bututu. Yana tsoro, wai aikin ne ke makantar da mutane. Ganinsa zai dawo? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya, ganin da ya tafi ba ya dawowa, domin jijiyar gani ce ta lalace. Aikin yanar ido ne ake buɗe bandeji mutum ya ce alhamdulillahi na gani. Wannan kuwa tsare abin da ya rage yake yi. Yawancin waɗanda ake cewa aiki ya makantar da su, sun zo ne ganin ya kusa ƙarewa.

A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai da ke ɓuɓɓugowa kullum yana fita ta wata 'yar magudana. In ta toshe sai matsi ya hau. Awon lafiya daga 10 zuwa 21 ne, don haka 30 duk da magani iri biyu ba abin zura wa ido ba ne.

Aikin da aka yi wa Baba a baya mai yiwuwa tirabekulektomi ne, wanda ake yi tun 1968. Ana yanka 'yar ƙofa a farin ido, ƙarƙashin fatar ido ta sama, ruwan ya riƙa tsatsowa ya taru kamar bororo, jiki ya shanye. Babban abokin gabarsa tabo ne: jiki yana ɗaukar ƙofar a matsayin rauni, sai ya ɗinke ta. Mu baƙar fata tabonmu ya fi saurin kamawa, shi ya sa ake shafa wani maganin rage tabo mai suna maitomaisin C na minti biyu zuwa uku lokacin aikin.

Idon da ya riga ya yi tabo, ko wanda ciwon suga ya sa sababbin jijiyoyin jini suka tsiro a cikinsa, shi ya fi dacewa da bututu. Siririn tiyo ne na silikon haɗe da ɗan faifai. Ana ɗinke faifan a jikin farin ido, milimita 8 zuwa 10 bayan bakin baƙin ido, a zura bakin tiyon ciki, a lulluɓe shi da faci don kada ya huda fata. Iri biyu ne. Wanda ake kira Ahmed yana da bawul, wato ɗan murfi mai daidaita fitar ruwa, yana fara aiki nan take, amma sau da yawa matsin kan sake hawa bayan 'yan makonni, sai a koma ɗiga magani. Baerveldt da AADI, wanda ake yi a Indiya da rahusa, ba su da bawul. Ana ɗaure tiyon da zare mai narkewa, ya buɗe bayan kamar mako shida. Waɗannan sun fi sauke matsi, sai dai haɗarin ido ya yi laushi fiye da kima ya fi yawa. Wani bincike da aka yi a Amurka da Ingila kan idanun da aka taɓa yi wa aiki ya nuna bayan shekara 5 bututu ya gaza a kusan kashi 30 cikin ɗari, tirabekulektomi kuwa kusan 47. A ganina shawarar da aka ba ku tana kan hanya.

Matsaloli akwai: gani biyu-biyu, tiyo ya goga fatar nan garai-garai da ke gaban baƙin ido ta yi hazo, ko ya fito fili ƙwayar cuta ta shiga. In ido ya yi ja da zafi, ko ƙwantsa, ko gani ya dusashe farat ɗaya, a tafi asibiti ranar, kada a kwana.

Rabin nasarar aikin yana gida. Maganin kumburi na sitiroyid ana ɗiga shi wata biyu zuwa uku, kada a daina don ido ya yi fari. A makonnin farko ban da murza ido, ban da kwalli, ban da ɗaukar kaya mai nauyi. Baba ya yi salla a zaune da ishara har likita ya ba shi izinin sujada, wajen alwala kuma ya kiyaye ruwa shiga idon. Ku tambayi likitan sau nawa za ku dawo kafin ku sa hannu, domin kuɗin mota ma lissafi ne. Kaduna na kusa da ku, akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa idan kuna son ra'ayi na biyu.

Ke da 'yan'uwanki kuma, ciwon nan yana bin jini. Ku je a auna muku matsin ido, a duba jijiyar gani, musamman wanda ya kai shekara 40, ko da ba ya jin komai.